Matsin da na ji a haƙarƙarina a Makka

A zagaye na bakwai na ɗawafin Umra zuciyata ta raya min in gwada kaiwa ga Hajarul Aswad. Cikin watan Sha'aban ne, wajen ƙarfe biyun dare, na ɗauka jama'a sun ragu. Na ratsa a hankali, ina salati, har ya rage min abin da bai fi taku biyar ba. Ina hango kewayen azurfar da askarin da ke tsaye a sama da shi. A nan tafiya ta ƙwace daga hannuna. Ƙafafuna suka bar ƙasa, mayafin haramina ya zame, gwiwar hannun wani bawan Allah ta kafe a haƙarƙarina na hagu. Na dubi fuskarsa, na ga shi ma neman ceto yake, yana ta girgiza min kai alamar ba da saninsa ba ne. Abin da ya fi tsorata ni shi ne numfashi. Duk sanda na fitar da iska, sai jikin mutane ya cike ɗan gurbin da ƙirjina ya bari, in na zo shaƙa babu wurin buɗawa. Can sai wata igiyar matsi, kamar ta ruwa, ta taso daga inda ban sani ba, ta kwashe mu gaba ɗaya ta watso mu wajen Maƙama Ibrahim. Na durƙusa ina haki, hawaye na zuba.

Shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da fiziks a makarantar sakandare a Kano. Sau nawa na rubuta wa yara a allo cewa matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya sauka a kai. A daren nan ne na san shi a jikina.

Da gari ya waye na nufi Shara Mansur gidan Goggo, ƙanwar mahaifina ta wajen kakanni. Mahaifinta da ƙafa ya baro ƙasar Kano, ya bi ta Barno da Chadi, ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan yana tara guzuri, a can aka haife ta, sannan suka tsallako Bahar Maliya. Hausarta tsohuwa ce, mai daɗin ji, tana tafe tana tsarma Larabci. Ta sa aka kawo min tuwon shinkafa da miyar taushe, jikanta ya sayo tsire, wanda mutanen Makka ke kira siriya. Da ta ga yadda nake dafe gefena, sai ta tambaya. Na ba ta labari. Ta yi shiru, ta ce, "Ɗan nan, Allah ne ya tsare ka. Ni na san wannan abu."

Tana Mina ranar 12 ga Janairun 2006, rana ta ƙarshe ta jifa ga masu son fita da wuri. Kowa yana jiran rana ta karkata ya yi jifa ya bar Mina kafin magariba, mutane da yawa ɗauke da jakunkunansu. Ta ce da farko ana tafiya lafiya lau. Sai aka koma a yi taku uku a tsaya, a yi taku biyu a tsaya. Daga nan kuma, in ji ta, sai ƙasa ta zama kamar ruwa, a kai ka dama, a kai ka hagu, a dawo da kai baya, ba ka san mai turawa ba. Ta ɗaga hannunta tana kaɗa shi a iska tana nuna min. Wata ƙawarta da suka riƙe gefen mayafin juna ta suɓuce mata, ba ta sake ganinta da rai ba. Mutum fiye da 340 suka rasu a mashigar gadar jifa a ranar. "Kwana ne ya ƙare," ta ce, ta share ido da bakin gyalenta.

Jikan nata direba ne, shi ya zaga da ni ziyara da la'asar. Mina ba lokacin Hajji ba wuri ne mai sa jiki sanyi: fararen tantuna iya ganinka, babu kowa sai iska. Muka tsaya daga nesa muna kallon gadar Jamrat, ƙaton gini hawa biyar, tsawonsa ya doshi kilomita guda, hanyoyin hawa sun miƙo masa ta ko'ina kamar yatsu. Bayan musibar 2006 aka rushe tsohuwar aka gina wannan. Tun kafin nan ma an sauya ginshiƙan jifa, aka mai da su dogayen bango masu tsawon mita 26, don kada dubban mutane su riƙa dunƙulewa a kan abu guda siriri. Yanzu inda ake shiga daban, inda ake fita daban, ba a gamo, kuma kowane ayari da sa'ar da aka yanka masa. Yaron ya nuna min wajen ramin Mu'aisim, inda mutum 1,426 suka rasu a 1990. Na tambaye shi titi mai lamba 204. Ya gane abin da nake nufi, ya rage gudu. A mahaɗar wannan titi da na 223 aka yi turmutsutsun 24 ga Satumban 2015. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769, ƙididdigar da kafofin labarai suka tattara daga ƙasashe ta haura 2,000. Cikinsu akwai namu da dama, har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida da Farfesa Tijjani El-Miskin. Na tuna yadda a lokacin, a majalisunmu na gida, wasu ke cewa ai rashin haƙurin alhazai ne, ai gaggawa ce da ture-ture. Ni ma ban musa ba a lokacin. Yanzu da nake zaune a motar nan haƙarƙarina na zogi, maganar ta yi min ɗaci.

Dalili na biyu na zuwana Saudiyya shi ne ɗan yayata, wanda ke karatun digirin digirgir a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, KAUST, a garin Suwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda. Ni na fara koya masa lissafi a tsakar gida. Na hau jirgin ƙasan Haramain zuwa Jidda, ya tarye ni da mota, muka miƙe titin gaɓar teku kamar sa'a guda. Jami'ar an buɗe ta a 2009, ba a shiga sai da gayyata. Ba zan tsaya bayanin gine-gine ba, sun kai a kalla. Abin da ya riƙe ni yana cikin wani ɗan ɗaki mai tebur biyu da farin allo cike da rubutu.

Na ba shi labarin daren ɗawafi da na Goggo. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kawu, abin da Goggo ta faɗa maka, tsaf haka masana suka gani." Wani masanin fiziks Bajamushe, Dirk Helbing, da abokin aikinsa Anders Johansson, da wani injiniyan Saudiyya, Habib Zein Al-Abideen, sun zauna da bidiyon da kyamarori suka ɗauka a mashigar gadar ranar 2006, suka sa kwamfuta ta bi kawunan mutane ɗaya bayan ɗaya, suka wallafa sakamakon a 2007. Sun ga matakai uku. Tafiya sumul. Sai tafiya da tsayawa, wadda ta fara fiye da rabin sa'a kafin musibar. Sai abin da suka kwatanta da tambal-tambal na ruwa, inda ake jefa gungun mutane ta kowace fuska, kamar minti goma kafin a fara faɗuwa. A wasu wurare mutum ya kai goma a murabba'in mita guda. Ya zana min murabba'in a ƙasa da ƙafarsa, bai kai faɗin darduma biyu ba. In jiki ya haɗu da jiki haka, ƙaramin motsin da wani ya yi don ya sami numfashi yana bi ta jikin na kusa da shi, ya haɗu da na wani, ya taru, har ya sauka a ƙirjin mutum na ashirin da nauyin da ke iya lanƙwasa shingen ƙarfe. Yawancin masu rasuwa a irin wannan hali matse ƙirji ke kashe su, wasu ma a tsaye suke cikawa.

Ya kunna min kwaikwayon tafiyar taron mutane a kwamfuta. Ɗigogi ne zagayayyu, kowane ɗaya mutum. Tun 1995 Helbing da Péter Molnár suka fara tsara lissafin: kowane ɗigo yana da inda yake son zuwa da saurin da yake so, yana kauce wa na kusa da shi, in sun gogu kuma sai dokokin Newton su yi aikinsu, irin waɗanda nake koyar wa 'yan aji huɗu. Ya tura ɗigogin ga wata ƙofa. Suna fita bi da bi. Ya ƙara musu gaggawa, sai na ga sun yi baka a bakin ƙofar, sun cije, babu mai fita, sai bakan ya karye wasu su fice, ya sake ƙulluwa. Na ce masa ai wannan gero ne a mazurari, in ka danna shi da ƙarfi sai ya toshe. Ya ce ko tumaki a ƙofar garke, kuma an gwada: masana a Jami'ar Nabara ta ƙasar Sifen sun yi ta ɗaukar hoton tumaki suna kutsawa ta ƙofa, har suka ga in aka kafa wani abu a gaban ƙofar, a tazarar da ta dace, toshewar tana raguwa, don yana karya matsin da ke tahowa daga baya. Amfanin kwamfuta ke nan a wannan fage. Ba wanda zai tara alhazai ya matse su don ya ga inda za su faɗi. A cikin na'ura kuwa za ka iya rushe gada sau dubu, ka matsar da ƙofa, ka faɗaɗa kwana, ba ran da ya salwanta.

Amma shi ba kan taron mutane yake aiki ba. Ya rufe wannan, ya buɗe wani. Sai ga wani bututu, cikinsa jajayen abubuwa kamar ƙananan waina masu loɓawa a tsakiya suna wucewa. Jikina ya ba ni tun kafin ya yi magana. Autata shekararta goma sha ɗaya, da sikila aka haife ta. Na san darare a asibiti, na san kukan da yaro ke yi in ciwon ya sauka a ƙashin ƙafa, kukan da ba ka da abin yi masa sai ka riƙe hannu. Ya ce, "Kawu, saboda ita na zaɓi wannan."

Jar ƙwayar jini faɗinta kamar kashi takwas cikin dubu na milimita ne, amma takan ratsa jijiyoyin da ba su kai ta faɗi ba, a cikin saifa ma takan kutsa ta tsagar da ta fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Taushinta ke fid da ita. Tana naɗewa, ta miƙe, ta wuce, ta koma siffarta, haka har kwana 120. A jikin mai sikila, canjin abu guda tak a ginin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin ƙwayar, ke sa shi, da zarar ya sauke iskar oksijin, ya harhaɗe ya zama dogayen zaruruwa masu tauri a cikin ƙwayar. Sai ta sandare, ta yi lauje, ta riƙa mannewa a bangon jijiya. Irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar a himogulobin take, Vernon Ingram ya gano ainihin gurbin a 1956. Wannan duk na karanta tun da aka gaya mana sakamakon gwajin yarinyar. Ganinsa da ido ne ban taɓa yi ba.

Kowace ƙwaya a kwaikwayon nasa raga ce ta ɗaruruwan ɗigogi da aka ɗaure da abin da ke aiki kamar sifirin, ruwan jinin ma ɗigogi ne. Ya ce ƙungiyar George Karniadakis a Jami'ar Brown ta Amurka ta yi nisa a irin wannan lissafi, shi a kan sawunsu yake. 'Yan daƙiƙoƙin da na kalla, babbar kwamfutar jami'ar, wadda suka sa wa suna Shaheen, wato shaho, ta kwana tana lissafa su. Ya taurara 'yan ƙwayoyi kaɗan daga ciki. Ɗaya ta manne a bango. Masu taushi suka riƙa kewaye ta. Ta biyu mai tauri ta zo ta jingina da ita. Tafiya ta koma a matsa a tsaya, a matsa a tsaya. Na ji muryar Goggo a kunnena. Sai baka ya ƙullu, bututun ya toshe. Ya ce a jikin mutum abin ya fi haka muni, don in tafiya ta yi jinkiri ƙwayoyin da ke baya suna ƙara rasa oksijin, su ma su sandare, cunkoso ya haifi cunkoso. Naman da ke gaba ya rasa jini, shi ne zogin. Na nemi kujera na zauna. Ashe ruwan da muke ta ɗura mata, da rigar sanyin da uwarta ke hana ta cirewa da hunturu, da ƙwayar haidroksiyuriya da ke ƙara himogulobin irin na jarirai wanda ke hana zaruruwan haɗuwa, duk aiki ɗaya suke, kada hanya ta cushe.

Da magariba muka yi salla, muka fita bakin teku. Hira ta yi daɗi, ya saki jiki. Ya taɓa goshina ya ce tabon sujadar nan ma aikin matsi ne, haka kantar hannun manomi. Fata tana jin ana danna ta, ta ƙara kauri. Ƙashi ma haka: likitan Jamus Julius Wolff ya rubuta tun 1892 cewa ƙashi yana gina kansa daidai da nauyin da ake ɗora masa, shi ya sa 'yan sama jannati, da ba su da nauyi a can, ke rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin wasu ƙasusuwansu duk wata. Na tuno mahaifin Goggo, ƙafafun da suka taka daga Kano zuwa gaɓar wannan tekun. A 2006 a ɗakin binciken Dennis Discher a Amurka, an shuka ƙwayoyin asali na ɓargo, waɗanda ke iya rikiɗa su zama nama iri daban-daban, a kan shimfiɗa iri-iri: a kan mai laushi kamar ƙwaƙwalwa suka karkata ga zama ƙwayoyin jijiyar laka, a kan matsakaiciya suka nufi tsoka, a kan mai tauri suka nufi ƙashi. Ƙwayar tana jan abin da take kai, ta ji yadda ya amsa. Da me take ji? A 2010 ɗakin binciken Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut, ya gano wasu ƙofofi a fatar ƙwaya da ke buɗewa in an danna ko an ja ta, suka sa musu Piezo1 da Piezo2, daga kalmar Girkanci ta matsi. Ya sami kyautar Nobel a 2021. Piezo1 yana nan a jikin jar ƙwayar jini, yana da hannu a yawan ruwan da take riƙewa.

Na tambaye shi ko wannan kwaikwayo zai warkar da ƙanwarsa. Bai yaudare ni ba. Ya ce ragar da ke kwamfutarsa ba ƙwaya ba ce, kwatance ce, akwai fararen ƙwayoyin jini da kumburi da abubuwa da yawa da bai saka ba, kuma in lissafi bai dace da abin da aka gani a jinin gaske cikin siririn bututun gwaji ba, lissafin ake jefarwa. Haka ɗigogin taron mutane, ba su san ɗa da ke goye da mahaifiyarsa ba, ba su san mai juyowa neman matarsa ba, ba su san shauƙin da ya ja ni ga Hajarul Aswad ba. Abin da kwaikwayo ke yi shi ne ya nuna inda za a duba, da abin da in an taɓa shi kaɗan zai sauya da yawa. Wannan amsa ta fi kwanta min a rai fiye da a ce ya yi min alkawari. Ya ƙara da cewa sikila tana nan da yawa a Saudiyya ma, a gabas wajen Ƙaɗif da Ahsa da kudu wajen Jizan, kuma tun 2004 suka wajabta gwajin jini kafin aure. Ni da uwar yarana ba mu yi ba, a zamaninmu ba wanda ya ce mu yi. 'Ya'yana kuwa duk na kai su an gwada, kowa ya san nasa.

Na koma wurin Goggo sallama. Na gaya mata cewa wasu masana sun kalli hoton ranar nan, sun ga abin da ta gani, daki-daki kamar yadda ta faɗa, kuma da irin wannan ilmi aka tsara yadda ake shiga da fita a sabuwar gada. Na ce mata babu wanda ya ture ƙawarta da gangan, ita ma ba sakinta ta yi ba, ƙarfin da ya raba su ya fi na hannun kowane mutum. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Shekara da shekaru ina cewa da na ƙara damƙe mayafin." Ta yi min addu'a mai tsawo, ta ba ni dabino da turare in kai wa uwargida, da wata 'yar jarka ta Zamzam ta ce ta Auta ce ita kaɗai.

Ɗawafin bankwana a bene na yi shi, zagayen ya fi tsawo, ƙafa ta gaji, amma akwai sarari. A zagaye na huɗu na matsa bakin shinge na leƙa ƙasa. Fararen haramai suna kewaya Ɗakin Allah, na gefe suna tafiya sumul, na ciki suna matsawa suna tsayawa, can kusurwar Hajarul Aswad kuma wani dunƙule yana kaɗawa dama da hagu. Na yi wa waɗanda ke cikinsa addu'a Allah ya fid da su lafiya. Ina idarwa wayata ta yi ƙara, uwargida ce, ta ce an tashi da iska mai sanyi a Kano, Auta ta fara cewa gwiwarta. Na ce a ba ta ruwa mai ɗumi ta sha da yawa, a rufe ta, a ba ta maganinta, in bai lafa ba zuwa isha'i a wuce asibiti kada a jira safiya. Ta miƙa mata wayar. Na juya na fuskanci Ka'aba, na ce ta faɗi abin da take so in roƙa mata.